Inuwar da Ta Fi Mai Ita Kyau

Sa'ad da na'urar ɗaukar hoto ta fara shiga ƙasashen Musulmi, 'yan watanni bayan da Louis Daguerre ya bayyana hikimarsa a birnin Paris cikin 1839, malamai sun sami kansu gaban wata mas'ala wadda magabata ba su bar musu magana a kanta ba, domin kuwa hadisan da suka tsananta a kan masu yin sura, har suka ambaci cewa za a kallafa musu busa rai cikin abin da suka suranta ranar Alƙiyama, sun zo ne a zamanin da ba a san wata hanyar fitar da kamannin mutum ba sai sassaƙa ko alƙalamin zane. An daɗe ana kai-kawo, wasu suna haramtawa wasu suna dakatawa, har Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Misira kuma ya rasu a 1935, ya wallafa wata 'yar risala a kan halaccin hoto, inda ya kafa hujjarsa bisa abu guda, wato mai ɗaukar hoto bai ƙagi komai ba, inuwa kawai ya kama ya tsare. Yadda mutum yake tsayawa gaban madubi surarsa ta bayyana, ba tare da wani ya ce maƙerin madubin yana gasa da Mahalicci ba, haka nan hoto yake, sai dai ita surar madubi takan tafi in mai ita ya tafi, ta hoto kuwa an sa mata magani ta zauna. Mu da muke bin mazhabar Imamu Malik abin ya zo mana da sauƙi, tun da yake malamanmu tun asali sun taƙaita haramcin ga surar mai rai wadda take da jiki da cikakkun gaɓoɓi, har tana da inuwa ta kanta, suka sassauta a kan wadda take shimfiɗe a takarda ko tufa. Ga kuma lalura ta zo da fasfon aikin Hajji da katin shaida, sai magana ta kwanta.

To, abin da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya shi ne, in har rangwamen nan an gina shi ne bisa cewa hannun ɗan Adam ba ya shiga tsakanin fuska da inuwarta, yaya ke nan yau da hannun ya dawo ya yi kane-kane, har ya zama da wuya ka ga hoton amarya, ko na ɗan takara a jikin bango, ko na 'yar wasan fim, wanda ba a taɓa shi ba? Malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana kewayawa ne tare da dalilin da aka rataya shi a kansa, in dalilin ya tabbata ya tabbata, in ya gushe ya gushe.

Adalci ne dai a faɗa cewa hannun bai taɓa fita gaba ɗaya ba. Masu hoton da, waɗanda suke cusa kai ƙarƙashin baƙin ƙyalle su ce maka kada ka motsa, sun san yadda ake bin nagatif da tsinin fensir a rage tabo; masu mulki kuwa sun riga kowa gane amfanin abin, kamar yadda aka yi a Tarayyar Sobiyet zamanin Stalin, inda aka share Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, daga hoton da yake tafe kusa da maigidansa a bakin ruwa, bayan an kashe shi a 1940, aka cike gurbinsa da ruwa kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ko mujallar National Geographic, da duk mutuncinta, ta matso da dala biyu daga cikin na Giza kusa da juna a bangon fitowarta ta Fabrairun 1982, don kawai hoton ya shiga takarda. Amma duk wannan aikin gwanaye ne, mai cin lokaci da dukiya, wanda talaka bai isa a yi masa ba. Al'amari ya juya ne daga 1990, lokacin da kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. Instagram ta biyo baya a 2010, Facetune a 2013, sa'an nan a 2015 Snapchat ta fito da abin da yake sauya fuska tun kafin a danna, har aka kai ga wayoyin da suke sulɓe fata su haskaka ta don kansu, ba tare da sun nemi izinin mai su ba.

Na taɓa zama kusan sa'a biyu a wani shagon wanke hoto ina jiran wani aiki nawa, kujerata tana bayan ta yaron da yake gyara, wanda bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa, hannunsa a kan linzamin kwamfuta, fuskar wata amarya ta cika allo. Yarinya ce kyakkyawa, wankan tarwaɗa, mai faɗin goshi da 'yar wushirya. Ina kallo ya bi kumatunta da wani ɗan da'ira, ƙurajen da hoda ta kasa rufewa suka ɓace. Ya kama gefen hancinta biyu ya matse, ya ja wuyanta sama kaɗan, ya buɗa idanun, ya ja wani ma'auni zuwa dama sai launinta ya yi ta tashi kamar gari yana wayewa. Da ya zo kan hannunta, inda aka zana lalle, ya daɗe a kan gaɓoɓin yatsu, waɗanda suka yi baƙi ƙirin alhali sauran hannun ya yi ja, alamar mai shafe-shafe ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita. Wushiryar ma bai bar ta ba. Na kasa haƙuri na taɓa kafaɗarsa na ce, "Ɗana, anya angon zai gane ta kuwa?" Ya zare abin kunnensa ya yi dariya ya ce, "Baba, ai shi ma yanzu zan zo kansa. In na ba su yadda kyamara ta ɗauka, cewa za su yi ban iya aiki ba, gobe su koma wani shagon."

Ban ga laifinsa ba ƙwarai, kuma ba na cikin masu cewa duk gyara ha'inci ne, domin ita kanta na'urar ba adila ba ce tun asalinta. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya don su daidaita launi a kansa, shi ya sa baƙin mutum yakan fito cikin tsofaffin hotuna kamar dunƙulen duhu, sai haƙori da ƙwayar ido. Kuma cikin abubuwan da suka sa wayoyin Tecno suka karɓu a Afirka har da cewa an saita kyamararsu ta iya fitar da baƙar fata yadda ido yake ganinta. Wanda ya ƙara haske don a ga abin da yake akwai ya taimaki shaida ne a kan faɗin gaskiya. Zancena yana kan wanda ya sa wa shaidar magana a baki.

Da yawa daga masu wa'azi, in an tambaye su, sukan garzaya ga aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ba da labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su sauya halittar Allah, su haɗa da hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu game da masu zanen allura a fata da masu tsige gira da masu goge haƙora don neman kyau. A ganina wannan ƙiyasi yana ɗingishi, kuma ba na so a ɗora wa nassi nauyin da bai ɗauka ba. Yarinyar nan ta fita daga shago da hancinta yadda Allah Ya yi shi, ba a zubar mata da ɗigon jini ba; takarda aka gyara. Haka kuma ba a isa a ce son ado ne laifin ba, alhali shari'a ta halatta kwalli da lalle da turare, kuma iyayenmu mata sun yi zamaninsu da katambiri a fuska da fure a haƙori, amaren yau suna shafe mako ana yi musu dilka da halawa irin na mutanen Borno da Sudan, ba wanda ya ce sun yi ƙarya. Dalili kuwa shi ne, ado yana faɗin sunansa da kansa. Duk wanda ya ga lalle ya san lalle ne, ya san bayan mako uku zai koɗe, babu wanda ya taɓa zaton da jan tafi aka haifi mace. Hoto kuwa yana zuwa ne da rigar shaida, ya sami mutanen da suka yarda tun kaka da kakanni cewa gani ya kori ji, ya ci amanar wannan yarda.

Saboda haka ni na fi ganin a nemi mas'alar a babin ciniki. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya jera a cikin Risala abubuwan da ba su halatta a saye da sayarwa, ya ambaci tadlisi da algus da ɓoye aibi. Kuma misalin da fuƙaha'u suka fi kawowa shi ne na mai ɗaure hantsar tunkiya ko taguwa, ya ƙi tatsarta kwana biyu ko uku, ya kai ta kasuwa tana rinjaye da nono, mai saye ya zaci haka take kullum. Mai dabbar bai furta ƙarya ko ɗaya ba, bai yi rantsuwa ba, idon mai saye kawai ya bari ya yi masa ƙaryar; amma duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita tare da sa'i guda na dabino maimakon nonon da ya tatsa. Akwai ma hadisin da ya fi wannan kusa, wanda Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito, na matar da ta tambaya ko da laifi ta riƙa nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, aka kamanta mai yin haka da wanda ya lulluɓe kansa sama da ƙasa da tufar zur. Ita ma ba abin da za ta sayar. So take kawai wata ta gani ta ji zafi, kuma ban san wata siffa da ta fi wannan dacewa da galibin abin da ake ɗorawa a intanet ba.

Inda abin ya fi ciwo a zahiri shi ne neman aure, tun da yanzu hoto ne ɗan aike na farko. Sunna ta umurci mai neman aure ya ga wadda zai aura, kamar yadda aka umurci Mugira ɗan Shu'uba, don soyayya ta ɗore a kan abin da ido ya riga ya sani. Kada kuma a ɗora wa mata kaɗai, domin na ga samari da dattawa ana cike musu sanƙo, ana rage tumbi, ana baƙanta furfurar gemu, wani ma yana jingine da motar da ba tasa ba. Malikawa sun ba da zaɓin warware aure saboda hauka da kuturta da albaras da cutar da take hana saduwa, amma ba su sa ƙarancin kyau ko duhun fata a ciki ba sai in an sharɗanta tun farko, kuma sun yi daidai, don mutum ba hajar kasuwa ba ne. Sai dai sakamakon shi ne, wanda aka ruɗa da hoto ba shi da ƙarar da zai kai gaban alƙali. Haɗiye abin yake yi, ya shiga da shi ɗaki.

Amma duk wannan sauƙi ne in an gwada shi da abin da zan faɗa yanzu, domin a kowane tadlisi da littattafai suka sani akwai mutum biyu, mai ruɗi da wanda aka ruɗa, kuma mai tunkiyar nan in ya koma gida ya san iyakar nonon dabbarsa, ba ya kwana yana fushi da ita don ba ta cika ƙwarya ba. A nan kuwa mai sayarwa da mai saye mutum ɗaya ne. Yarinya tana ɗaukar kanta sau goma a yini, kowane ɗauka wayar tana nuna mata wata mai kama da ita wadda ta fi ta haske da santsi da siririn hanci, mutane suna yabon waccan, suna yi mata addu'a, suna neman aurenta. In dare ya yi ta wanke fuska ta tsaya gaban madubi, sai ta ga kamar madubin ne yake yi mata ƙazafi. A 2018 likitocin gyaran fuska a Ingila da Amurka suka fara ba da labarin cewa masu zuwa wurinsu, waɗanda da can sukan kawo hoton wata tauraruwa su ce a mai da su kamarta, yanzu hoton kansu suke kawowa, wanda filta ta gyara. A 2021 kuma takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar suka nuna masu binciken kamfanin da kansu sun rubuta cewa Instagram tana tsananta wa wani kaso mai yawa na 'yan mata ƙin surar jikinsu. Mu nan ba mu da kuɗin likitan fiɗa, muna da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wata takarda ta 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara haske, wanda wasunsa akwai zaiba a ciki, mai lalata ƙoda. Ko da mutum ya ce adadin ya yi yawa, ya zubar da rabi, abin da ya saura ya isa tayar da hankali. Ta nan ne sauya halittar da na ce ba ta cikin hoto take shigowa ta bayan gida: inuwa ta yi gaba, jiki yana binta a guje da bilicin, in ya gaza a gaɓoɓin yatsu a koma wurin yaron shago ya ƙarasa.

Ba zan ce waya ce ta koya mana son fari ba, don kirarin farar mace alkyabbar mata ya girmi kowace kyamara a ƙasar nan. Na'ura ta tarar da cutar ne ta yi mata kiwo. Abin da ta zo da shi sabo shi ne ma'auni guda ga kowa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa kyan kowane abu yana cikin samun cikar da ta dace da shi, abin da yake ƙawata doki ba shi yake ƙawata mutum ba. Kuma Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, daura da halittar sammai da ƙasa. Wanda Ya kira kansa al-Musawwiru bai maimaita fuska ɗaya sau biyu ba tun daga Annabi Adamu, amma filta hanci ɗaya ta sani, da shi take bin Bafulatana da Babarbariya da Bagwariya da 'yar Koriya, har hotunan amare goma su zama kamar na 'yan ɗaki ɗaya. Wushirya, wadda ake yi wa waƙa a garinmu, a wurinta aibi ce.

Faransa ta kafa doka daga 1 ga Oktoban 2017 cewa duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne, in ba haka ba tarar tana kai Yuro 37,500, Norwe ma ta bi sahu a 2022. Wannan shi ne bayyana aibi da fuƙaha'u suka wajabta, kuma abin yabo ne, sai dai ina shakkar ƙarfinsa, saboda ido yana gama yin imani kafin hankali ya karanta ɗan rubutun da yake ƙasa.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Jikokinmu za su buɗe hotunan wannan zamani don su san mu, su tarar da wata al'umma wadda ba ta tsufa, ba ta rama, rana ba ta taɓa ƙona ta a gona ba. Aikin da nake jira a shagon nan ran nan hoton kawuna ne, Bagobiri daga wajen Sabon Birni, wanda ya rasu ya bar hoto guda tak, ɗan ƙarami na fasfo da ya yi ja don tsufa, matarsa ta roƙe ni in kai a faɗaɗa a sa a gilashi. Yana da tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ga tabon sujada a goshi, ga ramukan da shekaru suka haƙa a gefen bakinsa. Ba kare tsaga nake yi ba, ita kam sauya halitta ce ta haƙiƙa, kuma ban yi baƙin cikin mutuwarta ba. Amma an yi masa ita yana jariri, da ita ya rayu, da ita aka san shi a kasuwa da masallaci. Yaron ya miƙo mini aikin yana murmushi ya ce, "Baba, na ɗan gyara masa fuska, wannan kyauta ce." Na duba na ga abin da ya yi, kuma laifina ne da kunya ta hana ni cewa ya sake, ga magariba ta gabato, na biya na fito.

Na tarar da Inna, matar Kawu, a kan tabarma tana jan carbi. Ta karɓa ta goge gilashin da gefen mayafi, ta kai shi kusa da ido, ta nesanta shi, ta sake kusantowa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗan nan, wannan Balaraben wane ne?" Na ce, "Inna, Kawu ne, gyarawa aka yi." Ta sa yatsa a kan kuncin, inda ya yi sumul kamar na yaro, ta shafa daga gefen baki zuwa kunne, ta hanyar da tsagar take bi, ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina kai wa Malam ruwan alwala. Ba ni ƙaramin." Na zaro shi daga aljihu na ba ta, ta naɗe shi a ƙyallen da ya fito, ta mai da shi cikin gwangwanin turarenta ta rufe. Babban kuwa yana nan bayan adaka har yau, fuskarsa tana duban bango.